Nazarin Lamari: Yadda Wani Magidanci a Ohio Ya Kusa Rasa Gidansa Tsakanin Bashin Banki da 'Yan Damfara

Halin da iyalin ke ciki kafin 2006

Mutumin da wannan nazari ya shafa haifaffen Zangon Kumasi ne a ƙasar Ghana. Ya shiga Amurka a 1998 bayan ya ci cacar biza, ya zauna a birnin Columbus na jihar Ohio, inda 'yan Afirka ta Yamma da Somaliyawa suka yi yawa a unguwannin arewa maso gabashin gari. An sakaya sunansa da na iyalinsa, haka kuma an sakaya sunayen kamfanonin da ya yi hulɗa da su. Matarsa ta biyo shi a 2001, kuma zuwa 2006 suna da 'ya'ya uku, suna zaune a gidan haya mai ɗakunan kwana biyu a kan dala 750 a wata.

Abin da ke shigo wa gidan a wata, kafin a cire haraji, dala 3,900 ne. Maigidan yana samun 1,950 a wani babban rumbun ajiyar kaya, yana ƙara kimanin 500 da tuƙin tasi a ƙarshen mako, uwargidan kuma tana samun 1,450 a aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Ba su da wani tarihin bashi mai tsawo, domin maigidan yana gudun katin bashi saboda kuɗin ruwa, wannan kuwa a Amurka naƙasu ne, tunda bankuna suna auna mutum ne da yadda ya saba ci da biyan bashi. Ajiyarsu ba ta da yawa, saboda rabin abin da ke ragowa yana tafiya Kumasi wajen mahaifiyarsa da ƙannensa.

Sun taɓa tuntuɓar ɗaya daga cikin kamfanonin da ke saye wa Musulmi gida ta hanyar musharaka, wato kamfani da mai gida su mallaki gidan tare, mai gida yana sayen kason kamfani kaɗan-kaɗan yana biyan haya a kan ragowar. Kamfanin ya nemi kafin alƙalami da cikakkiyar shaidar abin da suke samu, suka ga ba su shirya ba, suka haƙura.

Mayu 2006: bashi biyu a kan gida ɗaya

Wani dillalin bashin gida ne ya buɗe musu ƙofar da suka ɗauka a rufe take. Ya ce musu ba sai sun ajiye ko sisi ba, kuma abin da za su riƙa biya bai fi haya da yawa ba. Gidan mai ɗakunan kwana uku ne, kuɗinsa dala 145,000, aka raba kuɗin gida biyu kamar yadda aka saba yi a wancan zamani ga wanda ba shi da kafin alƙalami.

Bashi na farko dala 116,000 ne, kashi 80 cikin 100 na kuɗin gidan, na shekara 30. Irin wanda 'yan harkar ke kira 2/28 ne: kuɗin ruwa yana tsaye a kan kashi 8.25 na shekara biyu, daga nan sai a riƙa sake lissafa shi duk wata shida, a ɗauki ma'aunin kuɗin ruwa na bankunan Landan da ake kira LIBOR a ɗora masa kashi 6.25. Yarjejeniyar ta ce ƙarin farko ba zai wuce kashi 3 ba, ta kuma ce duk yadda LIBOR ya faɗi, kuɗin ruwan ba zai sauka ƙasa da 8.25 da aka fara da shi ba. Akwai kuma tara idan aka biya bashin gaba ɗaya kafin shekara biyu ta cika. Biyan wata dala 871 ne.

Bashi na biyu dala 29,000 ne a kan kashi 11.5, biyan wata 287, an lissafa shi kamar na shekara 30 amma da sharaɗin a biya ragowar dunƙule guda a shekara ta 15. Dillalin ya haɗa musu biyun ya ce dala 1,158 ke nan. Abin da bai haɗa ba shi ne harajin gida na gunduma, dala 2,640 a shekara, da inshora dala 600. A bashin gida na yau da kullum banki yakan tattara waɗannan a cikin biyan wata ya biya a madadin mai gida, amma a irin wannan bashi na masu raunin tarihi sau da yawa ba a yin haka, don adadin da ake nuna wa mai saye ya zama ƙarami a ido. Ainihin nauyin gidan dala 1,428 ne a wata, kusan ninkin hayar da suka baro.

A takardar neman bashin an rubuta cewa iyalin suna samun dala 5,200 a wata. Dillalin ne ya cike gurbin, domin bashin na irin wanda ba a neman takardar albashi ne, maigidan kuma ya sa hannu a tarin takardu masu kaurin da ya kai taƙi guda cikin ƙasa da awa ɗaya a ofishin da aka kammala cinikin. Da ya yi tambaya a kan sauyawar kuɗin ruwa, amsar da aka ba shi ita ce wadda aka bai wa miliyoyin mutane a wannan shekara: kafin shekara biyu gidan zai ƙara daraja, sai a sake sabon bashi mai sauƙi a biya tsohon.

Bai gaya wa kowa a masallaci irin bashin da ya ci ba. Ya bar mutane suna zaton ta hanyar kamfanin Musulunci ya sayi gidan.

2007 zuwa 2008: sauyin kuɗin ruwa na farko

Farashin gidaje a Amurka ya kai ƙololuwa a 2006, sannan ya fara gangarowa. Takardar harajin gida ta farko ta zo musu ba shiri, suka biya da kwasar adashin uwargida. A farkon 2008 maigidan ya koma neman sabon bashin da aka yi masa alkawari, ya tarar ofishin dillalin a rufe, bankuna biyu da ya gwada kuma suka ce masa gidan bai kai abin da ake binsa ba.

Ranar sauyin ta zo a tsakiyar 2008. Da LIBOR yana inda yake a 2006, sama da kashi 5, da kuɗin ruwan ya tashi zuwa 11.25, biyan wata ya koma dala 1,118. Amma babban bankin Amurka ya riga ya fara rage kuɗin ruwa, LIBOR na wata shida ya sauko kusa da kashi 3, saboda haka sabon kuɗin ruwan ya tsaya a 9.25, biyan wata ya zama 951. Ƙarin dala 80 ya matse su, amma sun ci gaba da biya. A 2009, da LIBOR ya ƙara faɗuwa, kuɗin ruwan ya dawo 8.25 ya tsaya cak a nan saboda sharaɗin da aka ambata, alhali masu kyakkyawan tarihi suna samun bashin shekara 30 a kusan kashi 5.

Janairu zuwa Satumba 2009: rasa aiki da tsayawar biya

Bayan rushewar bankin Lehman Brothers a Satumba 2008, sallamar ma'aikata ta bazu ko'ina, rashin aikin yi a Ohio ya haura kashi 10 cikin 100 a 2009. Rumbun da maigidan ke aiki ya sallame shi a Janairu. Kuɗin tallafin marasa aiki kimanin dala 900 ne a wata, tasi ya koma 300, albashin uwargida yana nan yadda yake. Jimla 2,650, gida kuma yana cin fiye da rabi. Sun biya Fabrairu da Maris daga ajiya, a Afrilu suka kasa.

A daidai wannan lokaci gwamnatin Shugaba Barack Obama ta ƙaddamar da shirin gyara bashin gida da ake kira HAMP, wanda aka sanar a Fabrairu aka fara a Maris 2009. Manufarsa a sauko da nauyin bashi na farko, haɗe da haraji da inshora, zuwa kashi 31 cikin 100 na abin da iyali ke samu kafin haraji. Iyalin sun cika manyan sharuɗɗan: suna zaune a gidan, an ci bashin kafin 1 ga Janairu 2009, kuma adadinsa bai kusanci iyakar dala 729,750 ba.

Maigidan ya ji labarin shirin, ya buga wa kamfanin da ke karɓar biyan wata. A nan ya fara gane cewa wanda ya ba shi bashi daban, wanda yake karɓa daban, domin an sayar da bashinsa tun 2006 an cuɗa shi da dubban irinsa an sayar wa masu zuba jari, kamfanin da yake magana da shi ɗan aike ne kawai. Ya aika takardu ta na'urar faks a Mayu, aka ce ba su iso ba. Ya sake aikawa a Yuli, aka ce shafi ɗaya ba sa hannu. Kowane kira da sabon ma'aikaci yake haɗuwa, babu wanda ya san abin da na jiya ya faɗa, shi kuma bai rubuta sunan kowa ko ranar kira ba. A Satumba aka shigar da ƙara a kotun gundumar Franklin ana neman izinin sayar da gidan. Ba shi kaɗai ba ne, domin irin wannan ƙara ta haura 80,000 a kowace shekara a Ohio daga 2007 zuwa 2010.

Oktoba 2009 zuwa Janairu 2010: kamfanin da ya ce zai ceci gidan

A Ohio ba a ƙwace gida sai ta hannun kotu, kuma wanda aka kai ƙara yana da kwana 28 daga ranar da sammaci ya same shi ya mayar da amsa a rubuce. Ƙarar kuma a buɗe take ga duk mai son dubawa, da suna da adireshi. Cikin mako guda akwatin wasiƙar gidan ya cika da takardu, wasu da hoton mikiya da tuta kamar daga ofishin gwamnati suka fito, wasu an buga musu lambar ƙarar da jan tawada a bayan ambulan.

Ba wasiƙun ne suka ja shi ba. Wani ɗan garinsu ne, wanda suke sallar Juma'a tare, ya tare shi a wajen ajiye motoci ya ce, "Yaya, na ji abin da ke faruwa, kuma wallahi ba wanda zai ji daga bakina. Akwai lauyoyi a Kalifoniya da suka san kan wannan shiri na Obama, ni ma su ke yi mini nawa." Maganar rufin asirin ita ta fi shiga ransa, domin har lokacin ko surukansa ba su san ana binsa kuɗin ruwa ba. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Kamfanin na Kalifoniya ya nemi dala 2,900 a biya sau uku, ya ba da tabbacin za a mayar da kuɗin ruwa kashi 2, ya ce in ba a dace ba za a mayar masa da kuɗinsa. Sannan ya gindaya sharuɗɗa uku: kada ya ƙara magana da kamfanin karɓar bashi, kada ya aika masa ko kwabo, kada kuma ya damu da takardun kotu, su tura musu kawai lauyoyinsu za su ji da su. Ya biya kashi na farko a Oktoba da kuɗin da ya ranta, na biyu a Nuwamba, na uku a Disamba bayan uwargida ta sayar da sarƙarta ta zinariya. A Disamba kuma suka ƙara karɓar dala 900 da sunan binciken ƙwaƙwaf a takardun bashin, suka ce za a gano kurakuran da za su tilasta wa banki ya sassauta. Abin da ya samu shafi goma sha ne na bayanin dokoki, an cusa sunansa a sama.

Kwana 28 suka wuce ba a mayar wa kotu amsa ba, domin babu lauyan da ya taɓa shiga shari'ar da sunansa. A Janairu 2010 kotu ta yanke hukunci a bayan idonsa, ta ba da umarnin a yi gwanjon gidan. Da ya buga wa kamfanin Kalifoniya, aka ce masa haka tsarin yake, ana kan tattaunawa. A Fabrairu lambar ta daina shiga. Da aka bincika daga baya, kamfanin karɓar bashi ya nuna cewa takarda ɗaya tak ta taɓa zuwa masa daga gare su, ita ce ta izinin yin magana a madadin mai gida.

Maris 2010: takardar da ba a sa wa hannu ba

Masu ƙiyasi na ofishin sherif na gunduma, wanda a lokacin shi ke gudanar da gwanjon gidaje, sun yi wa gidan kuɗi dala 96,000. Dokar Ohio a lokacin ta hana a sayar ƙasa da kashi biyu bisa uku na ƙiyasi, wato za a fara taya shi daga 64,000, aka sa rana a watan Mayu. Sanarwar gwanjon ta jawo wani sabon baƙo, wannan karon da ƙafarsa ya zo.

Ya zauna a teburin cin abinci da jaka da wata mace mai hatimin shaidar sa hannu. Ya ce shi mai zuba jari ne, zai karɓi gidan da sunansa na ɗan lokaci, ya daidaita da banki, su kuma su ci gaba da zama suna biyansa haya dala 700 a wata, bayan shekara biyu su saye abinsu. Takardar da ya shimfiɗa shafi ɗaya ce, ta sallama mallaka. Maigidan ya riga ya ɗauki biro. Dokar Ohio ta bai wa matar aure haƙƙi a gidan mijinta, saboda haka ana buƙatar hannunta ita ma. Ta tambayi baƙon ko sunan mijinta zai fita daga bashin idan suka sa hannu, ya yi ta kewaye-kewaye. Sai ta juya ta ce da Hausa, "Maigida, ka yi haƙuri, hannuna ba zai hau takardar nan ba sai wanda ba ya neman komai a wurinmu ya karanta mana ita."

Tambayar tata ita ce gaɓar maganar. Sallama takardar mallaka ba ta sauke bashi daga kan wanda ya ci shi. Da sun sa hannu, da gida ya zama na baƙon, bashi ya zauna a wuyansu, shi kuma ya riƙa karɓar haya har ranar da za a zo fitar da su. Inda gida ya fi bashin da ke kansa daraja, masu wannan sana'a sukan ci sabon bashi a kansa su kwashe rarar. Inda bai kai ba, kamar wannan, hayar suke ci.

Afrilu zuwa Agusta 2010: mai ba da shawara, lauya da zaman sulhu

Uwargidan ce ta fasa shirun. Ta gaya wa 'yar wata tsohuwa da take kula da ita, ita kuma ta nuna mata shirin Save the Dream Ohio, wanda jihar ta kafa a 2008 zamanin Gwamna Ted Strickland don haɗa masu gidaje da masu ba da shawara da lauyoyi kyauta. Aka tura su wata ƙungiya da ma'aikatar gidaje ta tarayya, HUD, ta amince da ita. Ba a karɓi komai a hannunsu ba.

Aiki ya rabu biyu. Lauya daga ofishin taimakon marasa ƙarfi ya shigar da roƙo a jingine hukuncin da aka yanke a bayan ido, a dakatar da gwanjo, a tura shari'ar zaman sulhu, tsarin da Kotun Ƙolin Ohio ta fitar wa kotunan gundumomi a 2008. An janye gwanjon saura kwana tara. Amfanin zaman sulhu shi ne dole kamfanin karɓar bashi ya kawo wakili mai ikon yanke magana, ko da ta waya ce, kuma duk abin da aka ce an karɓa ko ya ɓata ana rubuta shi a gaban mai shiga tsakani.

Mai ba da shawarar ita ta ɗauki aikin takardu, a nan kuma aka fi daɗewa. Daga Yuni 2010 dokar HAMP ta koma sai an tantance duk shaidar samun kuɗi kafin a fara gwajin biyan sabon adadi na wata-wata, kuma takardar da ta wuce kwana 90 ta tsufa. Kuɗin tasi a hannu ake karɓarsa, saboda haka ta sa maigidan ya sayi littafi ya riƙa rubuta abin da ya samu da abin da ya kashe a mai kowace rana, daga ciki aka fitar da lissafin riba da asara na wata uku. Kwasar adashi da ke shiga asusun uwargida dunƙule ta rikita masu tantancewa, suka ɗauka wani ɓoyayyen albashi ne, sai da aka rubuta wasiƙar bayani uwar adashi ta sa hannu. Kuɗin da ake aikawa Kumasi an rage shi an kuma bayyana shi a kasafin gida. Kowace takarda an rubuta lambar bashi a kowane shafinta, an ajiye shaidar aikawa, kowane kira an rubuta rana da sa'a da sunan wanda ya ɗauka. Sau biyu kamfanin ya ce takardu sun ɓata, sau biyu ana fito da shaidar a zaman sulhu.

Wani abu kuma ya zo a kan gaɓa. A Mayu maigidan ya samu aikin dare na sa'o'i kaɗan a wani rumbun, dala 1,050 a wata. A bazarar wannan shekara aka daina lissafa tallafin marasa aiki a matsayin abin samu a HAMP, saboda haka ba don wannan aiki ba da lissafin bai tashi ba. Da albashin uwargida da 400 na tasi, jimla ta zama 2,900. Sauran mataki shi ne lissafin da kamfani ke yi da kwamfuta, a auna ko masu zuba jari za su fi samu idan aka gyara bashin ko idan aka sayar da gidan. Tunda gwanjo ba zai kawo abin da ya kai bashin ba, lissafi ya goyi bayan gyara.

Satumba 2010 zuwa Maris 2011: gwaji da gyara na dindindin

Gwajin na wata uku ne a ƙa'ida, ana biyan sabon adadi a kan lokaci. Nasu ya kai wata shida, domin a kakar 2010 ta bayyana cewa ma'aikatan manyan kamfanonin bashi suna sa hannu a dubban takardun rantsuwa na ƙwace gidaje ba tare da karantawa ba, harkar ta dagule ko'ina. Mai ba da shawarar ta ce su ci gaba da biya kowane wata ko da ba a ce musu komai ba, domin tsallake wata ɗaya ya isa a soke gwajin. Zuwa ƙarshen 2010, a faɗin ƙasar, waɗanda aka soke gwajinsu sun fi waɗanda ke kan gyara na dindindin yawa.

Yarjejeniyar dindindin ta fara aiki a Maris 2011. Uwar kuɗin da ta rage lokacin da biya ya tsaya kimanin dala 113,300 ce. Aka ɗora mata kuɗin ruwan da ya taru, da harajin da kamfani ya biya a madadinsu, da kuɗin shari'a, jimla 21,700, ta zama 135,000. An yafe tarar jinkiri. Aka sauko da kuɗin ruwa zuwa kashi 3, biyan wata ya zama 635, da haraji da inshora 905, wato kashi 31 na abin da suke samu. Ba a kai ga tsawaita wa'adi zuwa shekara 40 ba, tunda rage kuɗin ruwa kaɗai ya isa. Daga nan aka kori ƙarar.

2012 zuwa 2017: bashi na biyu da abin da ya biyo baya

Bashi na biyu ba a biya shi ba tun 2009, an kuma sayar da shi ga wani kamfanin sayen basussuka. Da yake gidan bai kai ko bashi na farko ba, wannan kamfani ba shi da abin samu a gwanjo, ya yarda ya karɓi dala 4,500 ya yafe sauran. An tara kuɗin a 2012 da kwasar adashi biyu. Lauyan ya nace sai an ba da takardar sakin jingina an kuma yi mata rajista a ofishin gunduma. Dokar tarayya ta 2007 ta sa ba a ɗora musu haraji a kan abin da aka yafe ba. Muhimmancin rajistar ya fito fili bayan shekaru, lokacin da gidaje suka sake daraja, masu sayen basussuka suka riƙa tono irin waɗannan tsofaffin basussuka suna barazanar ƙwace gidaje, har hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi, CFPB, ta yi gargaɗi a kai a 2023.

Sun kai ƙarar kamfanin Kalifoniya ofishin babban lauyan jihar, wanda a zamanin Richard Cordray ya gurfanar da kamfanoni da dama masu irin wannan sana'a. Ba a dawo musu da komai daga dala 3,800 ba. Dokar hukumar kasuwanci ta tarayya, FTC, da ta haramta karɓar kuɗi kafin a kawo wa mai gida rubutaccen tayi daga bankinsa ya kuma amince da shi, ta fara aiki ne ranar 31 ga Janairu 2011, fiye da shekara guda bayan sun biya.

Saboda ba su tsallake wata ba, gwamnati ta riƙa rage musu dala 1,000 daga uwar kuɗi kowace shekara har biyar. Kuɗin ruwa ya koma kashi 4 a 2016, biyan wata kusan 695, sannan ya tsaya a 4.875 a 2017, kusan 745, kamar yadda aka rubuta tun farko. Zuwa lokacin maigidan ya koma cikakken aiki, darajar gidan kuma ta sake haura bashin.

Hukunci a kan lamarin

Bashin 2006 bai kamata a ba da shi ba. An gina shi a kan albashin da babu shi, an ɓoye kusan kashi ɗaya bisa biyar na nauyinsa, kuma mafitarsa ɗaya ce, farashin gidaje ya ci gaba da hawa. Dokar da ta wajabta wa mai ba da bashi ya tantance ko mutum zai iya biya ta fara aiki a Janairu 2014, tare da wadda ta hana shigar da ƙarar ƙwace gida kafin jinkirin biya ya wuce kwana 120. Duk da haka, a wannan lamari ba sauyin kuɗin ruwa ne ya kayar da iyalin ba, kamar yadda aka fi yayatawa game da irin wannan bashi. Ƙarin dala 80 sun jure shi. Rasa aiki ne ya tsayar da biya, rashin ajiya da faɗuwar darajar gida suka toshe hanyar fita.

Ɓarnar kamfanin damfara ta wuce dala 3,800 nesa. Watannin da ya saya da umarnin yin shiru su ne suka cinye kwana 28 na kotu, suka jawo hukunci da kuɗin shari'a, kuma kowane wata yana ƙara kusan dala 780 na kuɗin ruwa a kan bashin da za su biya har 2036. Ya samu shiga ne ta ƙofa biyu: kamfanin karɓar bashi da ya yi wata biyar yana ɓatar da takardu har mutum ya yanke ƙauna, da kuma kunyar da ta hana maigidan neman shawara a fili. Ta biyun tana da nauyi a wurin Musulmi da ya san hukuncin kuɗin ruwa, kuma a ganina malaman al'umma suna da aiki a nan, domin wa'azin haramci ba ya hana a gaya wa wanda ya riga ya faɗa ciki inda zai samu lauya kyauta.

Abin da ya yi aiki haɗuwar abu huɗu ne da babu wanda zai isa shi kaɗai: kotun da ta tilasta wa kamfani zama, mai ba da shawarar da ta mayar da kuɗin tasi da adashi abin da kwamfutar banki za ta karanta, aikin dare da ya zo a watan da ake buƙatarsa, da matar da ta ƙi sa hannu. Na uku sa'a ce, kuma iyalai da yawa da suka yi duk abin da ya dace ba su same ta ba. Shi kansa HAMP ya ceci gidan ne ba tare da ya rage bashin ba, ya bar su da 135,000 a kan gidan da aka yi wa ƙiyasin 96,000, suka shekara da shekaru ba su da ikon sayarwa ko ƙaura.

Ɗan garin nasu da ya kai shi bai yi ƙarya ba da ya ce kamfanin ne ke yi masa nasa aikin, domin shi ma ya biya su, kuma an yi gwanjon gidansa a 2011. Amma ana ba shi la'adar dala 200 a kan duk wanda ya kawo, ya kawo gidaje huɗu daga masallaci ɗaya, kuma bai gaya wa ko ɗaya daga cikinsu cewa yana karɓa ba. Wannan ɓoyewar laifinsa ce, ko da shi ma an cuce shi.